Kunkurun da Baba ya bari yana yawan birkicewa, maigida ya ce a rabu da su

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku. Mahaifina ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. Tun muna yara akwai kunkuru biyu a gidanmu, shi ya sayo su suna 'yan ƙanana. A tsakar gida suka girma, gidan ƙasa ne mai fili, ga darbejiya a tsakiya. Yanzu babban sai mutum biyu ke ɗaga shi. Da aka sayar da gidan don rabon gado babu wanda ya so su sai ni. Maigidana ya yarda na kawo su, har ya sa aka kewaye musu wani lungu a bayan ɗakin girki da ragar waya. Gidanmu kuwa ko'ina daɓen siminti ne.

Tun zuwansu ƙaramin yake birkicewa, sai a tarar da shi rigingine yana ta harba ƙafafu. A gidan Baba ban taɓa ganin haka ba. Na ɗora wa babban yarona, ɗan shekara tara, aikin duba su. Wata Asabar cikin watan Afrilu na tafi biki, shi kuma ya bi abokansa ƙwallo. Da na dawo bayan la'asar na tarar da kunkurun a birkice cikin rana, bakinsa duk kumfa, ya yi fitsari ya jiƙe. Raina ya ɓaci, na doki yaron, na ce masa ya kusa kashe abin da kakansa ya bari. Kunkurun ya yi kwana uku bai ci komai ba, yanzu ya fara ci. Yaron kuwa ya daina zuwa wurin, amma yakan farka cikin dare ya ce a je a duba.

Maigida ya ce ya gaji, ko a sayar da su ko a kai su daji a saki. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce birkicewar kunkuru a gida ba alamar alheri ba ce. Ni kuma su kaɗai suka rage mini daga gidanmu. Anti, yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Wanda aka sayar da gidan da ya tashi a ciki shi ya san abin da kike ji, don haka ba zan ce miki dabbobi ne kawai ba. Kin ɗauki amana a lokacin da kowa ya janye hannu, Allah Ya saka miki.

Amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki, inda kika ce a gidan Baba ba ki taɓa ganin haka ba. Shekara da shekaru suna tare ba a sami matsala ba, sai da suka canza wuri. Kunkurun bai lalace ba, yaronki bai jawo ba, kuma babu wani mugun abu da ya shigo gidanku. Wurin da aka ajiye su ne bai dace da su ba, shi kuwa wuri ana iya gyara shi da bulo da ƙasa da 'yar dabara.

Daga girman da kika faɗa, naki irin babban kunkurun nan ne na yankin Sahel, wanda masana ke kira sulkata. Asalinsa bakin Hamada ne, daga Senegal da Muritaniya, ya ratso Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. A duk duniya kunkurun tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kaɗai suka fi shi girma, kuma ƙosasshen namiji yakan wuce kilo 50. A daji rami yake haƙawa mai zurfi ya shige idan rana ta take, ya fito kiwo da safe da yamma. Dabba ce da aka halitta don tafiya mai nisa a kan ƙasa mai gargada, da haƙa, da ture duk abin da ya tare mata hanya.

Hankalinki da ya tashi ranar nan yana da dalili. Huhun kunkuru a sama yake, manne da ƙoƙon bayansa ta ciki, hanji da hanta da sauran kayan ciki suna ƙasa. Idan ya koma rigingine duk nauyin nan sai ya danne huhun, numfashi ya yi wuya. Ga shi jikinsa ba ya daidaita zafi da kansa irin namu, sai dai ya tashi daga rana ya koma inuwa, wanda ya birkice kuwa ba shi da halin tashi. A Afrilu zafin Kano yana kai digiri 40, kin kuma san yadda siminti yake ƙona tafin ƙafa da azahar. Kumfar da kika gani yawu ne, da shi yake ƙoƙarin sanyaya jikinsa idan zafi ya kai masa maƙura. Fitsarin ma asara ce babba, domin a mafitsara yake ajiye ruwan da yake rayuwa da shi a lokacin rani, tsoro ne ya sa ya zubar. Allah ne Ya sa yana da sauran kwana, don a irin wannan rana ba a daɗewa.

Abin da na fi zargi shi ne duka biyun maza ne. Mazan wannan kunkuru ba sa zama wuri guda lafiya idan sun balaga. Ki duba ƙasan wuyansu, za ki ga ƙoƙon ƙirji ya fito da wani tsini mai baki biyu. Da shi suke faɗa: ɗaya ya zuro a guje, ya soka tsinin ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya ɗaga shi ya kifar. A gidan Baba ƙaramin yana da inda zai kauce, ya zaga bayan darbejiya ko ya shige wani lungu, babban ya manta da shi. A wannan ɗan keji kuwa duk inda ya juya suna ido da ido. Ki sa a ɗan karkata kowannensu gefe guda, ba tare da an juya shi gaba ɗaya ba, ki leƙa. Namiji wutsiyarsa doguwa ce mai kauri, yakan naɗe ta gefe, kuma ƙoƙon cikinsa ya loma ciki. Mace wutsiyarta gajera ce, cikinta a shafe. Ko da kin tarar mace da namiji ne maganar ba ta canza ba, domin namiji yakan matsa wa mace da tunkuri a ƙaramin wuri, shi ma yakan faɗo ta baya wajen hawa. Ki samu wata safiya ki zauna daga nesa ki yi ta kallonsu kamar na rabin awa, musamman lokacin da aka zuba abinci. Idan kin ga babban yana bin ƙaramin, yana tunkurinsa, ko yana tare masa hanya, to kin gano ɓarawonki.

Sai ragar wayar. Kunkuru bai san shinge ba matuƙar yana hango abin da ke bayansa. Zai yi ta turawa yana neman wucewa, faratansa su maƙale a idon ragar, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sake ɗaga ɗaya har ya miƙe tsaye, nauyin baya ya rinjaye shi ya faɗi. Kusurwa ta fi ko'ina haɗari, don a nan yake samun madogara hagu da dama. Idan kika tuna inda kuke yawan tarar da shi, ina kyautata zaton jikin raga ne ko cikin kusurwa.

Na uku shi ne daɓen, kuma shi ya mayar da ƙaramar matsala babba. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Hungary, Gábor Domokos da Péter Várkonyi, sun wallafa bincike a 2008 kan yadda kunkuru ke komawa daidai idan ya birkice. Sun nuna cewa masu doron baya sosai kusan siffar ƙoƙonsu ce ke mirgino da su, su kuma na ruwa masu faffaɗan baya da dogon wuyansu suke dogarawa su juya. Waɗanda ke tsakani su suka fi shan wuya, sai sun yi ta lilo da harbin ƙafa har su sami abin da za su kama. Naki bayansa bai yi doro can ba, wuyansa bai yi tsawo ba, ga nauyi. A kan ƙasa yana iya kafa farce, ko ya tura kansa jikin tushen ciyawa ko saiwar bishiya ya juyo. Wataƙila ma a gidan Baba ya sha birkicewa ya tashi da kansa ba wanda ya sani. A kan siminti kuwa babu abin kamawa, sai dai ya yi ta juyawa wuri guda har ƙarfinsa ya ƙare.

Tun yau, kafin a kira magini, akwai abin da za ki yi da abin da ke hannunki. Ki raba su. A sa katako mai kauri ko a jera bulo a tsakaninsu yadda ɗaya ba zai hango ɗaya ba, ko a mayar da ƙaramin wani gefen gidan. A rufe ragar ta ciki da katako ko tsohon falange daga ƙasa zuwa kamar ƙafa biyu. A ɗaura zana ko buhuna a sama ta yadda inuwa za ta rufe fiye da rabin wurin, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Inuwar nan kada ki raina ta: ba ta hana birkicewa, amma ita ce ke ba shi lokaci har wani ya zo. A kwashe duk tarkacen da ke ciki, tsohuwar taya, guntun bulo, itace, bokiti, duk abin da zai iya taka rabi ya karkace.

Gyaran dindindin kuma ga yadda nake ganinsa. A cire ragar a yi gini da bulo. Tsayin da ake so daga saman ƙasar da suke takawa shi ne ƙafa biyu ko sama da haka, wato santimita 60 zuwa 70, kimanin layi uku na bulo. Tunda za a zuba ƙasa a ciki, sai a yi layi huɗu, na ƙasan ya nutse. A yi wa cikin ginin filasta ya yi sumul, kada a bar gurbin da farce zai shiga. Kusurwoyi a kashe su, ko dai magini ya lanƙwasa ginin, ko a gitta katako mai ƙwari a cike bayansa da ƙasa. Kada a yi ƙyashin fili. Ni a ganina ƙafa 12 da 12 shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata a ba guda ɗaya, ko shi ma maneji ne. Idan bayan gidan dogo ne siriri, a ba su tsawon, don kunkuru mai bin jikin bango ne, ya fi son doguwar hanya.

A kan simintin a zuba jar ƙasa a gauraya da ɗan yashi, kaurin taƙi guda ko fiye, a daddanna. Kada a zuba yashi zalla, yana bin abinci ya shiga ciki ya toshe hanji. Kada kuma a baje ƙasar ta yi sumul, a bar ta da 'yan tudu da kwari marasa tsayi, a dasa kirikiri ko wata ciyawa mai tushe nan da can, a binne faffaɗan dutse ɗaya ko biyu ya ɗan leƙo kaɗan. Waɗannan su ne madogararsa idan ya faɗi. Sai dai a ajiye su tsakiya, nesa da bango, kada su zame masa matakala. A layin bulo na ƙasa a bar 'yan kafofi don ruwan sama ya fita, domin kunkurun da ya birkice cikin ruwan da ya kwanta, ko kaɗan ne, yana iya shaƙa ya mutu. Barin simintin a ƙasa yana da amfaninsa, ba za su haƙa su fita ba. Idan kuwa maigida ya zaɓi a fasa daɓen, to harsashin ginin ya nutse aƙalla ƙafa ɗaya da rabi, kuma a nisanta su da harsashin ɗakuna da ramin masai, don haƙarsu ba ta wasa ba ce.

Kowanne a yi masa ɗan ɗaki na kwana, ƙofa ta fi faɗin jikinsa sosai, rufi ya yi tsayin da ba zai iya hawa ba. A manna ɗakin da bango, kada a bar wani ɗan tsukin da zai cusa kai ya karkace. Idan kwano aka rufa a shimfiɗa zana a kai saboda zafi, da hunturu kuma a zuba busasshiyar ciyawa a ciki. Ruwan sha kada a sa a baho ko roba mai tsayin baki, nan ma wurin birkicewa ne. Magini ya yi ɗan gurbi na siminti daidai da ƙasa, mai gangare ta kowane gefe, a bar cikinsa da kaushi. Zurfin ruwan kada ya wuce inda ƙoƙon sama da na ƙasa suka haɗu, yadda zai shiga ya jiƙa jiki ya fito kansa a waje.

Idan duk da haka aka sake tarar da shi a birkice, kada a fizge shi cikin ruɗewa. Mutum biyu su kama, a mirgina shi a hankali ta gefe, ba ta kai ko ta wutsiya ba, kuma kusa da ƙasa don kada ya suɓuce ya faɗi. In an gane ta gefen da ya faɗa, masu kiwonsa sun fi son a mayar da shi ta nan. A kula da yatsu, kada a sa su tsakanin ƙafarsa da ƙoƙo, yana matsewa da ƙarfi. Daga nan a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa irin na randa a jiki, ban da na firji ko ƙanƙara, sannan a zaunar da shi cikin ruwa mara zurfi na minti 20 zuwa 30 ya sha ya huce. Wannan jiƙon ki riƙa yi wa ƙaramin sau biyu ko uku a mako har ya murmure sosai.

Tunda ya fara ci, alama ce mai kyau. Amma ki sa masa ido. In kin ga yana numfashi baki buɗe, ko majina da kumfa na fita ta hanci, ko yana jan ƙafafun baya, ko idanunsa sun zurma, ko ya daina kashi, ko wani nama ya leƙo ta ƙarƙashin wutsiya ya ƙi komawa, sai likitan dabbobi. In na kusa bai saba da irinsa ba, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Zariya. Abu guda ki riƙe da kyau: kada ki bari kowa ya yi masa allurar ivermectin, wadda ake yi wa awaki da tumaki don tsutsa da ƙaiƙayi. Tana shanye jikin kunkuru, tana kashe shi. Magungunan mutane ma kada a ba shi.

Ba ki faɗi abin da suke ci ba. A gidaje da yawa ragowar tuwo da shinkafa da wake ake zuba musu, alhali cikinsu na ciyawa ne. Ki ba su kirikiri, harkiya, kyasuwa, burburwa, ɗanya ko busasshiya, da ɗan ganyen yakuwa ko zogale jefi-jefi. Ki wanke ɓawon ƙwai ki shanya ki daka ya yi laushi, ki riƙa barbaɗa kaɗan a kan abincin. Wannan da hasken ranar safe su ke ƙarfafa ƙashi da ƙoƙo, kunkuru mai ƙwarin ƙafa kuwa ya fi iya ceton kansa.

Yanzu bari mu zo kan yaron, don shi ya fi tsaya mini a rai. Ƙanwata, yaro ɗan shekara tara ko yana tsaye a wurin ba zai iya juya dabba mai wannan nauyi shi kaɗai ba. An ba shi aikin da ya fi ƙarfinsa a wurin da tun farko aka gina ba daidai ba. Ya yi kuskure da ya tafi ƙwallo bai faɗa wa kowa ba, wannan gaskiya ne, amma kuskuren yaro ne. Dukan zai manta. Maganar ce ba zai manta ba, cewa ya kusa kashe abin da kakansa ya bari. Shi ma fa kakansa ya rasa. Farkawar da yake yi da dare tana nuna yana ɗauke da abin shi kaɗai. Na san baƙin ciki da firgita ne suka yi magana da bakinki, ba ke ba, to amma shi bai san haka ba sai kin gaya masa. Ki kira shi ku biyu, ki ce masa kin yi fushi fiye da kima, ba laifinsa ba ne, ragar ce da simintin da faɗan da suke yi. Uwa ba ta raguwa don ta ba ɗanta haƙuri. Ki nuna masa tsinin nan na ƙasan wuya, ki bayyana masa yadda abin ke faruwa. Ranar da magini ya zo ki bar shi ya tura baro, ya dasa ciyawar da hannunsa. Aikinsa daga yanzu ya zama yanko ciyawa da canza ruwa, in ya ga wani abu kuma ya kira babba da gudu. In ya farka da dare, ki ɗauki tocila ku je tare ya gani da idonsa suna kwance lafiya. Idan an yi makonni bai daina firgita ba, ki kai shi ya ga likita. Ki kuma koya musu duka wanke hannu da sabulu bayan taɓa kunkuru, saboda yana ɗauke da ƙwayar salmonella mai sa gudawa, ƙananan kuma a hana su hawa bayansa.

Dubawar ta koma wuyan manya. Ki ɗaura ta da lokutan da ba a mantawa: da hantsi, da azahar, da la'asar, da kafin magariba. Ranar da za ku fita duka ku daɗe, a bar wa maƙwabci ko wani amintacce mabuɗi.

Maigidanki kuma ki yi masa adalci. Mutumin da ya yarda aka kawo masa manyan dabbobi biyu gida, ya kashe kuɗinsa ya kewaye musu wuri, ba maƙiyinsu ba ne. Ya yi irin kejin da ya sani, na kaji. Abin da ya gajiyar da shi shi ne ya dawo gida ya tarar da mata tana kuka, ɗa an doke shi, mahaifiya tana ƙorafi. Kada ki je masa da hawaye kaɗai. Ki fara yi masa godiya kan abin da ya riga ya yi, sannan ki zo da lissafi: bulo nawa, siminti buhu nawa, ƙasa baro nawa, kuɗin magini nawa. In da hali ki ce za ki biya daga rabonki na gado, ko ki nemi 'yan'uwanki su sa hannu, tunda abin mahaifinku ne ku duka. Ki roƙe shi wata biyu bayan an gama gyara. In an daina birkicewa, shi ke nan. In ba a daina ba, ki yi masa alkawarin za ki yarda a nema musu wani wuri. Namiji ya fi saurin amincewa idan ya ga magana tana da iyaka.

Hajiya kada ki yi jayayya da ita. Abin da ta taso ta ji ake faɗa ne, kuma tsoron kada wani abu ya sami ɗanta da jikokinta ne ya sa ta furta. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfi da mummunan zato kan alamu, amma wannan tunatarwa ta fi daɗi daga bakin ɗanta, cikin ladabi, ba daga bakin suruka ba. Ke naki ki gaishe ta, ki ce an gano faɗa suke yi, za a raba su. Idan wata biyu suka wuce ba ta sake jin an ce ya birkice ba, maganar za ta mutu da kanta.

Saura magana mai ɗaci, amma dole in faɗa miki. Yana yiwuwa ki auna bayan gidan ki ga ba zai ɗauki biyu a rabe ba. In haka ne, riƙe ɗaya cikin walwala ya fi riƙe biyu cikin ƙunci. Kin san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ke ba ki hana su abinci ba, amma darasin ya shafi duk wanda ya killace dabba: tunda ka hana ta nema wa kanta mafita, haƙƙinta ya dawo wuyanka. Ba da ɗaya ga wanda zai kula da shi ba cin amanar Baba ba ne. Shi da kansa fili ya ba su.

Sai dai kai su daji a saki, wannan kada a yi. Dabbar da ta shekara ashirin ko talatin a tsakar gida ba ta gudun mutum, wanda ya fara ganinta shi zai ɗauke, ko dai kasuwa ko tukunya ko hannun masu haɗa magani. Dajin da ke kewayen Kano ma yawancinsa gonaki ne, kuma na gida yana iya kai wa na daji cuta. Sayarwa ga wanda ba ku sani ba ita ma kusan haka take ƙarewa. Wannan kunkuru yana ƙarewa a daji saboda kamu da kiwo da sare dazuka. A 2021 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don kasuwanci. Abin da ke bayan ɗakin girkinki ya fi ƙarfin a yar da shi a bakin hanya. Ki fara neman ɗan'uwa ko aminin Baba mai gidan ƙasa ko gidan gona mai katanga, inda za ki riƙa kai yara suna ganinsa, ki kuma gaya masa duk abin da na gaya miki game da raga da ruwa da abinci. In ba a samu ba, ki tuntuɓi gidan zu na Audu Bako da ke nan Kano, amma ki je da ƙafarki ki ga inda za a ajiye shi, ki tambaya ko za a haɗa shi da wasu mazan, kafin ki amince. In ya zama dole a zaɓa, ni ƙaramin zan ce ki riƙe: shi ya fi buƙatar kulawa yanzu, shi ya fi dacewa da filin da kike da shi, kuma yaronki yana buƙatar ya ga ya warke a gabansa.

Ki raba su yau, ki ɗaura inuwa, ki yi magana da yaron kafin ya kwanta. Maganar bulo da lissafi ki bar ta sai maigida ya ci abinci ya huta. Bayan kin leƙa ƙarƙashinsu kin auna bayan gidan, ki sake rubuto mini abin da kika gani da faɗin wurin, sai mu duba ko zai ɗauki biyun. Allah Ya ba ƙaramin lafiya, Ya shirya miki zuri'a, Ya jiƙan Baba.